Jikin Baba Ya Tsananta

Akwai mutum ɗaya a cikin 'yan ajinmu na kwaleji da ba na amsa gaisuwarsa da daɗin rai, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Sakatare muke ce masa. Ba wanda ya zaɓe shi. Shi ya naɗa kansa tun muna makaranta, muka bar masa don ba mai son wahalar. A wancan lokacin, in aka liƙa sakamakon jarrabawa, shi ne na farko a gaban allo, kuma ba nasa yake dubawa ba. Mutum na can ɗaki yana neman takalmi, sai ya jiyo Sakatare ta taga yana gaya wa jama'a darasin da ya faɗi. Da fuskar tausayi yake yi kuwa, har da girgiza kai, yana cewa Allah ya sa haka ya fi alheri.

Da muka gama muka watse, aure ya kwashi wasu, aiki ya kwashi wasu, na ɗauka mun rabu da shi ke nan. Sai ga wayoyin zamani sun zo. Wata safiya na tarar an jefa ni cikin guruf na 'yan ajinmu, ba a ko tambaye ni ba, kuma Sakatare ne mai riƙe da ƙofa.

Ba zan yi ƙarya ba, da farko na ji daɗi. Na ga fuskokin da na manta. Wani siririn ɗan ajinmu da ke aron gugar gawayi a wurinmu ya ajiye tumbi ya zama darakta. Amma ba a daɗe ba wurin ya koma dandalin nuna arziki. Matar wane ta sauka, an samu namiji. Wance ta tare a sabon gidanta a Gesse, ga hoton ƙofar gida, ga na falo, har da na tayil ɗin banɗaki. Ɗiyar wane ta samu karatun likita. Wane ya tafi Umra, ga shi da harami yana kallon sama, wai bai san ana ɗaukarsa ba. Sai a jero “Masha Allah” har yatsa ya gaji da ja. Kuma na san masu rubutawar, don su ne ke kirana a gefe suna tambaya ina wance ta samu kuɗin gini da albashin malanta.

Wannan duk da sauƙi, don masu abin ne ke kawo hotonsu da kansu. Abin da ya haɗa ni da Sakatare shi ne labarin da ba a ba shi ba. Yana da wata kalma da yake fakewa da ita: a taya da addu'a. Wata 'yar ajinmu ta samu saɓani da mijinta, iyayenta ma ba su ji ba, sai ga shi a guruf, a taya 'yar'uwarmu da addu'a Allah ya daidaita ta da maigidanta. Wani ya kwanta asibiti, Sakatare ya je dubiya, ya ɗauko mana shi a kwance baki buɗe, ana ƙara masa ruwa. Bawan Allah bai san an gan shi a haka ba sai da ya warke.

Ni ma ya taɓa ni. A wurinmu ciki ba abin shela ba ne, ko uwar da ta haife ki da ido take ganewa ta yi shiru. Matarsa ta gan ni wurin awo, kafin in iso gida an sa a taya ni da addu'a Allah ya raba lafiya. Da cikin ya zube, wannan ma sai da ya sanar. Na kira shi na wanke shi tas, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Haba Hajiya, zumunci na hwa.” Na so in fita daga guruf ɗin a ranar. Ƙawata ce ta hana ni. Ta ce in na fita, fitar ma labari ce, kuma gobe zai sake mayar da ni.

Ƙawar tawa 'yar Argungu ce, ɗakinmu ɗaya a kwaleji tun shekarar farko. Ni mai baki ce, ita kuwa sai a wuni ba a ji muryarta ba. Mahaifinta masunci ne. Yakan zo mana da busasshen kifi a kwali da 'yar shinkafa a buhu, ya tsaya nesa da ƙofar ɗakunan mata yana jira a kira ta, kuma bai taɓa kawo abu bai ce a raba da ni ba. Ɗiyata yake ce mini. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa, shi ya sa suka shaƙu irin shaƙuwar da ba a cika gani ba tsakanin uba da ɗiya. Bayan mun yi aure duk muka zauna Birnin Kebbi, ni ina koyarwa a sakandare, ita a firamare. Da tsohon ya fara ciwo a ƙarshen wata damina, kusan duk ƙarshen mako tana hanyar Argungu.

Ran nan da safe ina shirin fita, sai ga kiran yayanta.

“Kina kusa da ita?”

“A'a, Yaya, ina gida. Lahiya?”

“Baba ya cika, bayan an hito masallaci.” Ya bar ni na yi salati. “Ba ta sani ba. Mijinta na Yauri, kahin shi taho an daɗe. Ke za ki ɗauko muna ita. Ki ce jikin ya tsananta. Ba mu hita da shi sai ta iso, amma kada ku daɗe.”

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan aike. Ba a gaya wa mutum mutuwar uwa ko uba a kan hanya, ko a wurin aiki, ko a waya. Ana tura wanda ya yarda da shi ya ce masa jiki ya tsananta, a taho. Ɗan aike ba ya ƙarawa, wanda aka zo ɗauka kuma ba ya matsawa da tambaya. Sai an kai shi gida, an zaunar da shi, akwai ruwa kusa, akwai masu riƙe shi, sannan wani babba ya faɗa masa da bakinsa. Wannan shi ne abin da aka ɗora mini: in kai ta gaban goggonta ba ta ji daga bakin kowa ba.

Ban gama saka hijabi ba waya ta sake ƙara. Na duba, Sakatare ne.

“Hajiya, ina kwana? Wani labari na nij ji, nic ce in tabbatar kahin in sa. An ce tsohon ƙawarki ya rasu?”

“Wa ya hwaɗa ma?”

“Ƙanen matata na saida albasa Argungu, masallacinsu guda.”

“To ka saurare ni da kyau. Ba ta sani ba. Yanzu za ni ɗauko ta. Kada ka sa komi sai mun isa.”

“Hajiya, jana'iza ta hwa. In mutane ba su ji da wuri ba, ƙaƙa za su samu salla? Duk mutum guda da ya ƙaru cikin sahu, rahama ta ga mamaci. Ke za ki ɗauki alhakin wanga?”

Kun ji irin nasa. Ba ya taɓa zuwa da son ransa tsirara, sai ya sa masa rawani. Na danne zuciyata na ce waɗanda ke kusa ya kira su ɗaya-ɗaya, ya ce su yi shiru, na nesa kuwa ko an faɗa musu yanzu ba za su samu salla ba. Abin da ya ce shi ne, “Kina da hotonai?”

Ni da ban saba roƙon kowa ba, ranar na roƙi Sakatare. Na haɗa shi da girman Allah, na haɗa shi da darajar iyayensa. Ya ce shi ke nan, ya ji, in mun isa in yi masa filashin. Ban yarda da shi ba, amma ba ni da igiyar da zan ɗaure masa hannu. Na fita na tare kabu-kabu.

Na same ta a aji, yara na bin ta da karatu. Da ta hango ni a bakin ƙofa a lokacin da ya kamata ina nawa ajin, sai ta ajiye alli ta fito.

“Lahiya?”

“Yaya ya kira. Jikin Baba ya tsananta, sun ce mu taho.”

Ta daɗe tana kallona. Na tsayar da fuskata yadda na iya. Ba ta ƙara tambayar komai ba, ta koma ta ɗauko jakarta. Shugabar makarantar ta dube ni ta saman kanta, na sunkuyar da ido, sai ta ce, “Ku tahi, ku tahi. Allah shi ba shi lahiya.”

A tasha na ce ta ara mini wayarta in kira maigidana, tawa ba kati. Ta miƙo ba ta ko duba ba. Na yi kamar na kira, na kashe ƙarar, na jefa cikin jakata tare da tawa. Ba ta ce in mayar mata ba. Ta tsaya wurin mai burodi ta sayi guda, ta ce, “Ko bai iya cin komi, shina ɗan taɓa wanga da shayi.” Na ce haka ne. Na tsaya ina kallo aka sa mata a leda.

Motar tsohuwa ce, tana warin fetur. Maza biyu a gaba, ɗaya rungume da wani ƙarfen injin ban-ruwa da ya kawo gyara. A baya mu biyu ne da wata tsohuwa mai ƙullin kwano a cinya. Saura mutum ɗaya a cika, na biya kuɗin wurin don kada mu zauna jira. Da muka fita gari tsohuwar ta ce, “Ina zuwa, ɗiyana?”

“Argungu, Inna. Mahaihinta na ba shi jin daɗi.”

Ta dube ni, na dube ta. Ban san abin da ta gani ba, amma ta gani. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, daga nan ta kama mini aikin ba tare da na roƙe ta ba. Ta ɗauko labarin jikarta da ta je yi wa wanka, ta koma kan tsadar shinkafa, ta tambayi ƙawata unguwarsu, ta ce ai ta san masuntan wurin. Har ta sa ƙawata magana. Ƙawata ta ce wancan makon ta sami mahaifinta zaune yana ɗinkin ragarsa, yana faɗan an hana shi zuwa gulbi kamar wani yaro. Ta ce, “In ya samu sauƙi Birni za ni maido shi, ko shina so ko ba shi so.” Tsakanin magana da magana kuwa leɓenta na motsi, na kasa kunne na ji tana roƙa masa lafiya.

A nan jakata ta fara rawa a kan cinyata. Waya ɗaya ta tsaya, ɗayar ta ɗauka, ba hutawa. Ban buɗe ba, ban kuma buƙaci buɗewa ba. Na san ɗan banzan ya yi aikinsa. Na cusa jakar tsakanin gwiwoyina na matse, na ɗaga murya ina tambayar tsohuwa sunan da aka sa wa jaririn. A raina ina cewa ba komai, wayoyin na hannuna, in dai mota ba ta tsaya ba zan kai ta.

Mota ta tsaya a Ambursa don mai injin ban-ruwa ya sauka. Sai da aka buɗe but ɗin motar ana jan sauran kayansa. A gindin wata bishiya, wurin masu sayar da fetur a kwalba, wani mutum na zaune kan babur, waya a hannunsa. Ɗan ajinmu ne, yana koyarwa a nan Ambursa, mutumin kirki wanda ko a guruf ba ya magana. Ya ɗago kai muka haɗa ido. Na girgiza masa kai, na ɗaga hannu ina kore shi, shi kuwa ya ɗauka gaisuwa ce. Ya sauko da sauri ya durƙusa a jikin tagar da ƙawata take.

“Ashe ku na. Yanzunga nig gani ga guruf, ina shirin bin ku. Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Baba, shi sa ya huta.”

Wayar na hannunsa a kunne, fuskar tsohon na ciki.

Ƙawata ta dubi wayar, ta dubi mutumin, ta ce, “Amin. Na gode.” Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Tsohuwa ce ta fashe. “Kai wane irin mutum na? Ba ka da ido? Ba ka ga ana kai ta gida ba?”

Ya dube ni. “Ba ta…? Innalillahi. Wallahi ga guruf anka sa. Na ɗauka kowa ya ji.”

Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. In an riga an yi shelar mutuwa, ka ga ɗiyar mamaci ka wuce ba ka yi mata gaisuwa ba, ai kai ne marar tarbiyya. Abin da aka koya masa a gida ya yi. Wanda ya yi shelar shi ne nawa.

Direba ya kashe rediyo ya ja mota. Sauran hanyar ba na son tuna ta, kuma ba ta barina. Ƙawata ta ja hijabi ta rufe fuska. Ba ta iya yin kuka da murya ba, ga maza baƙi a gaba, kuma ita ba mai iya buɗe baki a gaban mutane ba ce. Sai jikinta ke karkarwa, tana haɗiye abin yana dawowa. Tsohuwa ta miƙo ta riƙe hannu ɗaya, na riƙe ɗaya. Kujerar direba na dukan gwiwarta duk ramin da aka faɗa, ba wurin da za ta miƙe, ba ƙasar da za ta zube a kai, ba ko ruwan da zan ba ta. Shinkafa ta yi kore shar a fadama hagu da dama, mutane na ta aikinsu. Ni kuwa ban yi kuka ba. Zagi nake a zuci tun daga Ambursa har muka shiga Argungu, kuma da a ce Sakatare na gabana a lokacin, da sai an ɓamɓare ni daga wuyansa.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne ganin irin shirin da aka yi mata. Yayanta na jiranmu tun bakin titi, don kada mu bi ta ƙofar gida ta ga maza zaune kan tabarmi. Ta lungu ya bi da mu, ya shigar da mu gidan maƙwabta. A can goggonta, ƙanwar mahaifinta, ke zaune a ɗaki, an shimfiɗa tabarma, ga kwanon ruwa, ga mata biyu manya a gefe. Goggon ta bar gawar ɗan'uwanta ta zo ta zauna tana jira, don ta faɗa wa yarinyar da ta rena da bakinta. Da ta ɗaga hijabin ta ga fuskar, sai ta juyo kaina.

“Wa ya hwaɗa mata?”

“Ba ni ta ba, Goggo. Ga waya anka sa.”

“Amana munka ba ki,” in ji ta. Ba ta san wani guruf ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ni aka aika, ni na kawo ta a haka. Ranar ba ta sake duban inda nake ba.

An shiga da ƙawata ta ga mahaifinta, ta yi masa addu'a, aka fita da shi bayan azahar. A cikin 'yan ajinmu da aka yi wa shelar gaggawa don su cika sahu, wanda ya samu salla shi ne malamin nan na Ambursa, wanda ya biyo mu a babur ido jajur. Sakatare kansa bai zo ba. Wai yana da taro a ofis.

Da la'asar na zaga bayan gida, wurin da ake bandar kifi, na buɗe waya. Ya sa sanarwar tun muna tasha, watakila ma lokacin da take zaɓen burodi. A sama ya rubuta “Da ɗumi-ɗumi” kafin ya rubuta innalillahi. Hoton kuwa daga na bikinta ya yanko, har ana ganin hannunta da lalle a kafaɗar tsohon. A ƙasa an jero sitika iri ɗaya, masu hannu biyu a ɗage. Ba a yi nisa ba darakta ya sa hoton ɗansa da ya yi saukar Alƙur'ani, aka koma Masha Allah. Wata ta biyo da tallan atamfa.

Na danna na yi saƙon murya. Ban bar komai ba. Na faɗi yadda na roƙe shi, na faɗi alkawarin da ya yi, na faɗi abin da ya faru a Ambursa. Na ce masa shi ba zumunci yake yi ba, yunwar a ce shi ya fara faɗa ce ke cinsa tun muna yara, kuma ya tsufa da ita. Na ce da mutuwar mutane da cikin matan mutane da sakin aurensu duk abincinsa ne. Na tura.

Na zaci ko mutum biyu za su tsaya mini, tun da rabinsu ya taɓa yi musu. Ina! Darakta ya ce wannan ba tarbiyya ba ce, ana cikin makoki. Mai tayil ɗin banɗaki ta ce dama tun kwaleji haka nake, ba a iya mini. Wadda ya tona wa rikicin aure, ita ce ta rubuta cewa niyyarsa mai kyau ce, a yi masa uzuri. Daga baya uku daga cikinsu suka kira ni a gefe suna cewa wallahi na yi daidai, na faɗi abin da ke ransu. Na ce su je su faɗa a can, suka ce ba sa son fitina. Shi kuwa gogan ya goge saƙona, ya rubuta cewa ya yafe mini duniya da lahira. Wannan yafiyar ta fi komai ƙona ni.

Na zauna Argungu har sadakar uku. Ban gaya wa ƙawata rikicin guruf ba, ita ma ba ta tambayi wayarta ba. Tana zaune a ɗaki cikin mata, tana amsa gaisuwa da 'yar muryarta, ba ta ce mini komai game da hanya ba. Wannan shirun ya dame ni, don ban san ko ita ma tana ganin na kasa ba.

Ranar sadakar, bayan an shafa fatiha, sai ga bas ta tsaya a ƙofar gida. 'Yan ajinmu ne, an sha shadda da leshi, Sakatare a gaba yana nuna wa kowa inda zai bi kamar gidan ubansa. Suka gaisa da maza a waje, sannan aka yi musu iso zuwa ƙofar ɗakin da muke. Matan suka shigo, mazan suka durƙusa daga bakin ƙofa. Sakatare ya ja doguwar addu'a, aka shafa. Bai ko bari hannu ya sauka ba ya zaro waya.

“Hajiya, in ba damuwa, a ɗan matso a yi hoto guda, don 'yan'uwa da ba su samu zuwa ba su ga mun wakilce su.”

Na yunƙura. Na riga na tanadi abin da zan faɗa masa, kuma ban damu da wanda zai ji ba. Sai na ji hannun ƙawata a gwiwata ta danne ni. Ta gyara zama ta dube shi. Tun da na san ta ban taɓa ganin ta kalli namiji ido cikin ido haka ba.

“Malam, aje wayar in hwaɗa maka wani abu.”

Ya sauke ta, yana murmushin da bai san inda zai kai shi ba.

“Ni ba yarinya ba ta. Tun sadda ƙawata ta tsaya bakin ajina nig gane. Da ta amshe wayata, na ƙara ganewa. Amma ba ta hwaɗi ba, ni ko ban tambaya ba. In dai ba a hwaɗi ba, ina iya roƙa mai lahiya, kuma ina ta roƙo. Na sai mai burodi. Ina shirin inda za ni aje mai gado in na maido shi Birni.”

Goggo na daga ƙuryar ɗaki tana saurare.

“Mutanen gidanga sun san ya tahi, ba su iya maido shi. Abu guda sunka iya yi man, su bar man shi har in iso, shi na sunka yi. Da ka yi haƙuri kaɗan, da har ƙohwar gidanga ina da uba. Daga Ambursa zuwa Argungu ɗai ya rage man da shi. Shi kaɗ ɗauke.”

Sakatare ya mayar da wayar aljihu. Ita kuwa ta juya ga sauran, ta yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya ba da lada, ya mayar da kowa gida lafiya.